Wa'adin Kotu da Idon Ɗan Farina

Ɗan farina yana gidan yari a kudancin jihar nan, ni kuma ina garin Greensboro, nan ƙasar waje, a hawa na biyu na wani gidan haya bayan titin Wendover, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. Na fara da wannan ne don kada wani ya zaci ɓoyewa zan yi. Ya bi abokan banza, ya yi laifi, alƙali ya yanke masa hukunci, kuma ban taɓa cewa an zalunce shi a nan ba. Abin da ya mai da mu kotu karo na biyu daban ne, kuma a wannan karon shi ne mai ƙara.

A kicin ɗin gidan yarin yake aiki. Wata rana ruwan wanke tukwane mai ƙarfin nan ya fantsamar masa a ido. Ya wanke da ruwan famfo, ya nemi a kai shi wurin likita, aka ce ya cike takarda. Ya cike, ya sake cikewa, idon yana kumbura yana zubar da ruwa, ana ce masa ya jira layinsa. Kafin a fitar da shi zuwa asibitin waje, abin da zai lalace ya riga ya lalace. Da ya ɗan samu kansa sai ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke tsakiyar garin nan, yana cewa waɗanda ke tsare da shi sun ga halin da yake ciki suka yi biris da shi. Ba shi da lauya. Shi ne lauyan kansa, da ido ɗaya da wani biro mai laushi mai lanƙwasa, irin wanda ake ba fursunoni don kada su soki juna.

Dole in faɗi yadda muke da shi, don a nan maganar take. A garinmu, can ƙasar Katsina, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tsayawa ta kalle shi ido cikin ido. Da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, ita yake kira Inna, ni kuma Yaya, kamar yadda ƙannena suke kirana. Ni kuwa "yaron nan" nake cewa, ko "na wajen Inna". Na yi makaranta, har na koyar a firamare kafin mu taso, don haka kada wani ya ce mini jahilci ne. Haka na ga uwata ta yi da babban wana, haka na yi, kuma ban taɓa jin na rage shi da komai ba. Ƙeyarsa na sani, da kafaɗunsa, da yadda yake jan ƙafar dama idan ya gaji. Idan ya juya zai fita, a nan nake ƙare masa kallo.

Mahaifinsa ya kawo mu ƙasar nan lokacin da yaron yake shirin shiga sakandare. A nan na haifi ƙanwarsa, wadda nake ƙwala wa kira har maƙwabta su ji, in rungume ta, in ja mata kunne. Ita ce takan tsokane ni da Turanci, wai ni da yayanta kamar mutum biyu ne da suka haɗu a tashar bas. Mahaifinsu ya rasu, ita ta yi aure can wata jiha mai yawan ƙanƙara, shi kuma aka rufe shi. Sai ya zama daga ni sai tukunyar da ta fi ƙarfin cikina. Da safe in tafi sito inda muke ninke kayan sawa da masu saye suka mayar, da yamma in dawo in kunna fitilar falo ko da rana ba ta faɗi ba, don gidan ya yi kamar da mutane.

Wata Lahadi bayan la'asar yaron nan ya kira. Kiran gidan yari sai wata murya ta fara gaya maka daga ina ne, ta kuma tuna maka ana nadar maganarku, sannan a haɗa ku.

"Yaya, samo biro," ya ce. "Alƙali ya fitar da schedule."

"Ya fitar da me?"

"Ranaku. Ya tsara ranar komai. Ki rubuta, don idan suka yi mini transfer zuwa wani gidan yarin takarduna za su iya ɓata."

Na rubuta a jikin kalandar da mai shagon naman halal yake rabawa. Akwai ranar da za a rufe tattara shaida, daga ita babu wanda zai ƙara kawo mai shaida ko ya nemi wata takarda. Akwai ranar da waɗanda yake ƙara za su iya roƙon alƙali ya kori maganar ba tare da an zauna shari'a ba. Akwai kuma ranar da shi zai ba su amsa. Na tambaye shi, to idan mutum ba shi da lafiya fa, ko aka yi masa rasuwa?

"Deadline ne, Yaya. Wa'adi. Idan ya wuce, ya wuce."

Na ce to, amma a raina ban yarda ba. Na taso ina ganin shari'ar gona da ta gado a garinmu. Idan mai shaida ya tafi fatauci, a jira shi. Idan wani ya makara, dattijon gidansu ya sa babbar riga ya je ya durƙusa, a ba da wata rana. Ban taɓa ganin inda rana take da ƙarfi fiye da mutumin da ya sa ta ba. Na ɗauka nan ma baki ne kawai, irin na malami da yake tsorata 'yan aji.

Watannin da suka biyo baya suka koya mini. Idan aka yi faɗa a wani ɓangaren gidan yarin sai a kulle kowa a ɗaki, ɗakin karatun da yake duba littattafan shari'a ma a rufe, kalanda kuwa ba ta san an kulle kowa ba. Ya nemi takardun asibitinsa, suka zo a makare, rabi kuma ba a iya karantawa. Yana rubutu idon mai lafiya ya gaji ya fara yi masa yaji, ya ajiye, gobe ya ci gaba. Ni kuma ina nan, kowace safiya kafin in ɗauki jakar aiki sai na tsaya gaban kalandar, ina kallon ranar tana matsowa, ba abin da zan iya.

Ba ni da wanda zan gaya wa. Ranar Juma'a nakan je masallaci a gabashin gari, yawancin matan da nake zama da su 'yan Nijar ne, mutanen kirki, masu kawo wa mutum fura da kilishi idan wani ya dawo daga gida. Sun san yaron yana kaso, kamar yadda suke ce wa gidan yari. Na san sun sani. Amma su ma sun san ɗan fari ne, don haka ba mai tambayata shi, sai dai a ce "ya mutan gida?" in ce lafiya lau. Kunyar da suke ji mini alheri ce, na sani, amma sau da yawa ina komowa mota in zauna ban tayar ba, ina jin da ma wata a cikinsu ta yi rashin kunya ta tambaye ni.

Sai yaron nan ya gaya mini ya sa sunana a cikin masu shaida. Dalilinsa a fili yake. Na ziyarce shi a daidai kwanakin da idon yake kan kumburi, kafin a kai shi asibiti, kuma ni kaɗai ce mutumin waje da ya zauna da shi a lokacin. Fursunonin da suka gan shi an warwatsa su wasu gidajen, wasu kuma suna tsoron sa hannu a kan ma'aikata. Idan aka samu wanda ba fursuna ba ya ce ciwon a bayyane yake, duk mai ido zai gani, to ma'aikatan ba za su ce ba su lura ba.

"Lauyoyinsu za su kira ki su yi miki tambayoyi," ya ce. "Ki faɗi abin da kika gani kawai."

Na ce to.

Ina tuna ziyarar sarai. Babban ɗaki ne mai ƙananan tebura, da injin sayar da lemo a lungu, da iyalai kowa da nasa. Ya shigo a karkace, yana ba ɗakin gefe ɗaya. Muryarsa ta yi nauyi kamar mai mura. Na sayo masa lemon kwalba na ajiye, ya miƙo hannu ya kama iska a gefenta, sai a karo na biyu ya same ta. Wani wari-wari na tashi daga gare shi, irin na ciwon da ya fara ruwa. Na ce lafiya? Ya ce ba komai, ɗan abu ne ya shiga masa ido. Na san ba ɗan abu ba ne. Idona yana kan hannayensa da bakin teburin har aka ce lokaci ya yi. Da ya tashi na bi bayansa da kallo, na ga yana laluben bango da kafaɗa.

Duk wannan yana kaina, don haka ban ji tsoron tambayoyinsu ba. Abin da ya hana ni sukuni ɗaya ne: na san za a ce in faɗi sunansa. Na gwada a gida, ni kaɗai a kicin, ba kowa sai firij yana gurnani, bakina ya ƙi. Na ce idan ranar ta zo Allah zai kawo mafita.

Lauyoyin suka sa mini rana dab da rufe tattara shaidar. Ko da gangan ne, ko haka aikinsu ya kama, ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da ban tabbatar ba. Na nemi hutu a sito, na sa atamfata ta zuwa biki da babban mayafi. Ba na son tuƙi a tsakiyar gari, sai na shiga bas, na sauka a babbar tasha na taka zuwa titin Elm. Ofishin yana can sama a wani dogon gini.

Dogon tebur ne a ɗakin. Lauyar matashiya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba, mai fara'a, har ta tambaye ni ko ina son ruwa ko shayi. Da ta zo da tsawa da na fi sanin yadda zan yi da ita. A gefe wata mata tana zaune da ƙaramar na'ura tana buga duk abin da aka faɗa. Ina jin Turanci daidai gwargwado, amma na nemi tafinta don kada a kama ni da kalma, sai suka kawo wani dattijo mutumin Kumasi, Hausarsa tana da wani irin lanƙwasa amma ana ganewa. A tsakiyar teburin akwai waya mai lasifika. Ta nan yaron yake saurare daga gidan yari, tunda shi ne lauyan kansa, yana da ikon ya ji, ya kuma yi tambaya.

Aka ce in ɗaga hannun dama, na rantse zan faɗi gaskiya. Lauyar ta tambayi sunana, da inda nake zaune, da aikina. Sannan ta ce in faɗi cikakken sunan ɗana.

Na nuna takardar da ke gabanta na ce ai ga shi nan a rubuce. Ta yi murmushi ta ce mai na'ura ba ta buga nuni, sai abin da aka furta. Na dubi dattijon na ce, "Malam, ka faɗa mata mana, ai ka gani."

Ya sunkuyar da kai. "Hajiya, sai haƙuri. Na san abin da ke nan, mu ma muna da shi. Amma ni abin da ya fito bakinki kawai zan juya."

Na faɗa. Sunan da aka raɗa masa ina kwance a ɗakin uwata, sunan da na ji a bakin kowa ban da nawa. Ya fito a shaƙe, har mai na'urar ta ce in maimaita, na maimaita. A cikin lasifikar na ji ya yi ɗan tari. Zufa ta keto mini a ƙarƙashin mayafi, amma na ji sanyi a raina, na ce mai wuyar ta wuce.

Ta ce in ba da labarin ziyarar. Na ba ta tiryan-tiryan: tafiyar karkace, da murya, da kwalbar lemo, da warin, da laluben bango. Dattijon yana juyawa, mai na'ura tana bugawa. Lauyar ta bar ni har na gama.

"Wane ido ne ya kumbura?" ta ce.

"Na hagu."

"Kin gani, ko gaya miki aka yi?"

Na ce daga baya ya gaya mini.

"Ina tambayar abin da kika gani da idonki a ranar. Yaya idon yake? Ja ne? A rufe yake? Yana ruwa?"

"Ban kalli fuskarsa ba."

Ita kanta sai da ta ɗago. Ta tambayi tsawon zaman da muka yi, na ce har aka tashi ziyara. Ta tambayi ko akwai gilashi a tsakaninmu, na ce babu, tebur ne kawai. Ta ce, kuma duk wannan zaman ba ki kalli fuskar ɗanki ba? Na ce ban kalla ba. Na shiga yi mata bayani, cewa ɗan fari ne, cewa a wurinmu ba a yi, cewa ba ƙi ba ne. Dattijon ya juya da kyau, na ji shi, har ya fi ni tsara maganar. Ta saurara tana gyaɗa kai, ba ta yi dariya ba, ba ta raina ni ba.

"Na gode da bayanin," ta ce. "Ke nan ba za ki iya gaya wa kotu kin ga kumburi ko rauni a idonsa ba."

Na san idon ya kumbura kamar yadda na san sunan uwata. Kalma ɗaya ce, in ce na gani, kuma babu mahalukin da zai ƙaryata ni. Amma hannun da na ɗaga bai daɗe da sauka ba, kuma tambayar ba ta da lungu.

"Ba zan iya ba," na ce.

Sai ta ce ta gama, idan mai ƙara yana da tambaya ya yi. Ya fara da Turanci, saboda mai na'ura. Ɗana yana yi mini magana da Turanci ta cikin waya, wani baƙo daga Kumasi yana juya mini da Hausa. Ya sa na maimaita zancen kwalbar, na maimaita. Ya sa na maimaita zancen warin. Sannan muryarsa ta canja, ya saki Turancin.

"Yaya, a gabana fa kike zaune."

Lauyar ta ce a juya mata abin da ya faɗa, dattijon ya juya.

"A gabanka nake," na ce.

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Na ji numfashinsa a lasifikar, da hayaniyar ƙofofin ƙarfe can bayansa. Ya koma Turanci ya ce ba shi da sauran tambaya. Aka kashe wayar daga can.

A tashar bas na zauna har motar da zan hau ta zo ta tafi ban shiga ba. Da yamma na kira 'yata na gaya mata, ita kuwa ta hau ni da faɗa, rabi Hausa rabi Turanci.

"Mama, me ya sa ba ki ce kin gani ba? Ai ba ƙarya ba ce, idon ya kumbura. Ba ma Alƙur'ani suka ba ki ba, hannu kawai kika ɗaga."

Na ce mata Wanda na rantse da Shi yana ganin hannu. Ta ce to me ya hana ni ɗaga kai tun a ranar, ɗana ne fa, ba surukina ba. Na ce ke da aka haifa a asibitin garin nan ba za ki gane ba. Ta ce shi ma bai gane ba, ai a nan ya girma. Wannan ta shige ni, na ce mata ina da aiki gobe, na ajiye waya. Raina ya ɓaci da ita, da lauyar, da dattijon, da uwata da ke can Katsina ba ta san abin da ake ciki ba.

Da gari ya waye sai na ga kamar abin yana da gyara, kuma gyaran mai sauƙi ne. Zan je in ziyarce shi, in kalli idon da kyau, in dawo a sake rantsar da ni in faɗa. Abin da nake bukata kawai a ɗan ɗaga ranar, don ziyara sai an nemi izini tun da wuri, kuma wadda zan iya samu tana bayan wa'adin. Na sake sa mayafin, na tafi kotun da kaina. Niyyata in gaida alƙali, in durƙusa idan ta kama, in gaya masa ni uwa ce kuma ba ni da kowa.

A ƙofa aka karɓe wayata, aka bi jakata da na'ura. Aka nuna mini ofishin magatakarda, inda wata mata mai furfura da tabarau take zaune bayan gilashi. Na tattara Turancina na ce ina son ganin alƙali. Ta ce ba a ganin alƙali. Na ce gaisuwa ce kawai da roƙo, ba zan daɗe ba. Ta ce ko lauya ba ya ganinsa shi kaɗai a kan ƙarar da ke gabansa, balle mai shaida. Na ba ta labarin duka, tana saurare, har ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta duba kwamfuta ta ce ranar rufewar tana nan yadda aka sa ta, ƙarshen makon nan. Ta ce ita ba ta da ikon ba ni shawara, abin da za ta iya faɗa kawai shi ne mai ƙara ne yake neman ƙarin lokaci, a rubuce, da dalilinsa.

"Ni fa na ɓata, ni zan gyara," na ce.

"Na ji ki," ta ce. "Amma ba ƙararki ba ce."

Ta faɗa a hankali, da tausayi ma. Na tsaya ina neman wanda zan yi wa fushi a ginin nan, kowa yana aikinsa cikin ladabi. Na karɓi wayata a ƙofa na fito.

Ranar rufewar ta same ni a sito ina ninke wanduna. Ba abin da ya faru, ba ƙararrawa, ba wanda ya kira. Na dawo gida na dafa shinkafa na kasa ci.

Ya daɗe bai kira ba. Da ya kira, muryarsa a daidaice take, irin ta mai ba da rahoto. Ya ce ya roƙi ƙarin lokaci, alƙali ya ƙi. Dalilin alƙalin shi ne an riga an saurari mai shaidar, kuma abin da za ta gani yanzu ba shi ne abin da yake a wancan lokacin ba. Na so in ce zalunci ne, na rasa ta inda zan kama, don gaskiya ya faɗa, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Na ce zan zo ziyara. Ya ce in bari tukuna, hanyar da nisa, ga shi yana fama da rubuta amsar da zai ba lauyoyin. Na ce to. Da 'yata ce da na ce mata ba ta isa ba, amma shi ban taɓa koyon yi masa musu ba, kamar yadda ban koyi sauran ba.

Haka zafi ya wuce, ganyaye suka fara yin ja. Ya kai amsarsa a kan lokaci, wannan kam bai makara ba. Bayan wasu watanni alƙali ya kori ƙarar, ya ce ba a kawo isasshiyar shaidar da ke nuna ma'aikatan sun san tsananin ciwon suka ƙyale ba. Ba na cewa da na ga idon da ya ci shari'ar. Wataƙila da haka ɗin za a yi. Ba wanda zai iya gaya mini, kuma na daina tambaya.

Ban nemi izininsa ba a wannan karon. Na nemi ranar ziyara, na tashi da sassafe na kama hanya, ina bin layin dama a hankali manyan motoci suna wuce ni. Ɗakin yana nan yadda na san shi. Na zauna, na ajiye hannuwana a kan tebur. Da aka buɗe ƙofar ya shigo, na ga takalmansa, na ga wandon, na ga hannayen. Wuyana ya yi nauyi kamar an ɗora mini tulu. Ya ja kujera ya zauna ya ce, "Yaya, ina kwana," sai na ɗaga kai.

Goshin mahaifinsa ne. Gemunsa ya fara furfura a gefe, ban san da wannan ba. Akwai ɗan tabo a haɓarsa wanda ban san ranar da ya same shi ba, ko a nan ne, ko tun yana wajen Inna. Ido ɗaya baƙi ne mai kaifi, yana kallona. Ɗayan fatarsa ta ɗan sauko, ƙwayar ta yi fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Babu kumburi, babu ja, ya warke abinsa.

Ya daskare a kujerar.

"Wa ya rasu?" ya ce.

"Babu wanda ya rasu."

"Inna ce? Ki gaya mini kawai."

"Inna tana lafiya. Shekaranjiya ma mun yi waya."

"To me ya faru?"

"Ba komai."

Ya duba bayansa, ko wani nake kallo. Ya juyo, ya yi ƙoƙarin riƙe idona, ya kasa. Shi ne ya sunkuyar da kai, yana murza bakin teburin da babban yatsa.

"Yaya, ki daina," ya ce a hankali.

Ban daina ba. Hawaye suna zubo mini, ban share ba don kada in rasa wani abu, iyalan da ke teburin kusa suna satar kallonmu. Na kalle shi har ma'aikacin ya ce lokaci ya yi. Na hagu ne, kamar yadda ya faɗa. Yanzu zan iya rantsuwa a kai, sai dai babu wanda zai sake tambayata.